Shaidar da Muka Kai Ƙofar Marusa

Mun tashi da asuba daga Agege, ana ɗan yayyafi, ni da wani abokin aikina Banufe, da jaka guda wadda ba tawa ba ce, ba kuma tasa ba. Ku da kuka saba ganin hotunan teku a shafin nan kun yi ta tambaya ko lafiya na yi shiru. To ga dalilin. Katsina na je, kuma ba yawon buɗe ido ya kai ni ba.

Ga wanda bai san ni ba, Bakano ne ni, amma abincina a ruwa yake. Ina aiki a jirgin kamun jatan lande, irin waɗanda ke fita daga Legas su yi makonni ba su ga tudu ba. Mu uku ne masu jin Hausa a jirgin: ni, da Banufen nan, da Lawal, ɗan Ƙofar Marusa a birnin Katsina. Ranar da Lawal ya fara aiki ban tambaye shi garinsu ba. Yana buɗe baki ya ce kyaftin “shina tahe”, na gane. Shi da Banufen kuwa kullum cikin tsiya suke, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa, kamar yadda Katsinawa da Nufawa suka gada tun kakanni. A fitarmu ta ƙarshe, cikin daminar nan, Lawal ya faɗa ruwa a kan idonmu, kuma ba mu samu gawarsa ba.

Kamfani ya buga waya gida ya sanar. Amma mahaifinsa, Malam Ɗahiru, ya ce shi ba ya karɓar mutuwar ɗansa daga bakin mutumin da bai taɓa gani ba. Ya hana a shimfiɗa tabarmar gaisuwa, ya hana matar Lawal shiga takaba. Yayar Lawal, Hajiya Binta, ita ta nemo lambata. Ta ce gidan ya zama ba a san me ake ciki ba, ba a kuka, ba a dariya, yara suna tambayar yaushe babansu zai kira. Ta ce, “Don Allah in akwai wanda ya gani da idonsa, ya zo ya faɗa wa Baba a gabansa.” Na faɗa wa Banufen. Sai ya tashi ya je ya ɗauko jakar Lawal daga inda muka ajiye ta.

Kuɗin mota ya kusan ninka abin da na sani bara, direba kuma ya cusa mu huɗu a kujerar mutum uku, yana cewa mu yi haƙuri, mai ne. Yaran tasha suka so jefa jakar a but ɗin bayan mota, ƙarƙashin buhunan garin rogo, abokin tafiyata ya ƙwace ta ya ɗora a cinyarsa. Haka ya riƙe ta har Ibadan. Wata mata da ke gefensa ta gaji da gwiwar hannunsa a haƙarƙarinta, ta tambaye shi ko zinariya ce a ciki. Ya ce mata kayan bawansa ne. Ta kalle shi sama da ƙasa, ta kau da kai.

Daga Oyo zuwa Ogbomosho manyan motoci suka tare hanya, muna tafiya kamar masu rakiyar amarya. Muka tsaya cin abinci a wata rumfa, amala da miya mai yauƙi da nama yanka biyu da sai ka tona ka same su. Na ci don dole. Tun da abin nan ya faru, duk abin da ke da santsi ba ya wuce min wuya da daɗi. A gadar Jebba kogin Kwara ya cika ya yi ja, yana tafe da ciyayi da kututture. Duk motar aka leƙa ana salati, wani yana ɗaukar hoto. Abokina Banufe, mutumin da aka haifa a bakin wannan kogin, wanda ya iya iyo kafin ya iya karatu, shi kaɗai ne ya sunkuyar da kai har muka haye.

Hanyar Mokwa zuwa Bida ba hanya ba ce, ramuka ne aka jera. Tankoki sun kafe a laka, direbobinsu sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashi suna dafa abinci, alamar sun daɗe a wurin. Direbanmu ya ce shi ba ya tafiyar dare a wannan zamani ko nawa za a ba shi, ba kuwa wanda ya yi masa musu. Muka sauka a Bida, muka kwana a gidan 'yan'uwan abokina. Suka kawo mana tuwon shinkafa da miyar wake da busasshen kifi, suka yi ta yi masa magana da Nufanci. Ban ji ba, amma na ga yadda wata tsohuwa ta riƙe masa hannu ta ƙi saki, na gane an riga an ba su labari.

Washegari muka bi ta Minna da Suleja muka kama hanyar Kaduna. Shinge bayan shinge, kowanne sai an rage gudu, an gaisa, hannu ya fita ta taga ya dawo. A Zariya muka canza mota. Daga Funtuwa zuwa Malumfashi ƙasa ta yi kore shar, dawa da masara sun fi mutum tsawo. Amma can ciki, nesa da kwalta, sai ka hangi fili ya cika da ciyawa, ba kunyar noma ko ɗaya. Wani dattijo da ke gaban mota ya nuna da haɓa ya ce gonaki ne, masu su ba sa iya zuwa saboda mutanen daji. Ya faɗe shi kamar mai faɗin farashin gishiri. Daga nan motar ta yi tsit, har mai sauraren waƙa a waya ya kashe. Sai da muka hau babbar hanya a Gidan Mutum Ɗaya aka fara numfashi, aka sayi dafaffiyar gyaɗa, hira ta dawo.

Mun shiga Katsina bayan la'asar. Muka hau keke mai ƙafa uku, wanda a can suke kira kurkura, yaron ya ratsa da mu ta gefen Babbar Kasuwa, inda ake ta loda buhuna ana rufe su da tamfol don hadari ya haɗo. A Ƙofar Marusa ba mu sha wahalar neman gidan ba. Muna ambaton Malam Ɗahiru mai hatsi, wani tela ya tsayar da kekensa, ya dubi jakar, ya dube mu, ya ce, “Ku ne mutanen ruwa?” Ya taka da kansa ya kai mu har ƙofar zaure. Unguwar duka ta san ana jiranmu, ban da mai gidan.

Malam Ɗahiru dogon tsoho ne, siriri, idonsa ɗaya ya yi fari. Ya karɓe mu da gaisuwa mai tsawo, ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi mutanen Ikko, wato Legas, ya sake komawa kan gajiya. Aka kawo fura mai sanyi a kwanon sha. Jakar tana tsakaninmu a kan tabarma, bai kalle ta ba ko sau ɗaya. Sai da muka sha muka ajiye ludayi, sannan ya ce wa abokina ya ɗan jira a waje. Ashe ɗaya bayan ɗaya zai ji mu, kamar alƙali.

“To, ɗan Kano,” ya ce. “Hwaɗa mani abin da idonka ya gani. Ban son abin da aka ce maka.”

Na faɗa masa. Da hantsi ne, teku tana tashi sosai. Muka jawo taru ya zo da nauyi, aka kwance gindinsa ya zube a daɓen jirgi. Ranar jatan lande kaɗan ne, yawancin kamun wata halitta ce da mu Hausawan jirgin muke kira mai tawada, masu saye kuma suna ce mata kalamari. Idan ta ji wuya baƙin ruwa take fesowa, mai yauƙi. In sun yi yawa, daɓen gaba ɗaya sai ya koma baƙi, ya yi santsi kamar an zuba miyar kuɓewa. Wata igiya ta sarƙe a bayan jirgi, Lawal ya nufi wajen don ya warware ta. Igiyar ruwa ta bugi jirgin ta gefe, ƙafarsa ta zame, kansa ya daki ƙarfen bakin jirgi, ya wuntsila. Ina tsugune ina tsintar kamu, tsakanina da shi bai fi daga nan zuwa ƙofar zauren ba.

“Ya taso?”

“Sau ɗaya, Baba.”

“Ka ga huskarshi?”

“A'a. Ƙeyarsa na gani. A kife yake, ruwan wajen kansa ya yi ja.”

“Ya ɗaga hannu?”

“Bai ɗaga ba.”

Ya murza gefen tabarma. Sannan ya ce ai akwai jirage da yawa a teku, wani zai iya tsintarsa ya wuce da shi wata ƙasa, inda ba ya jin yarensu, ba shi da waya. Na gane wannan maganar ce yake kwana da ita yake tashi da ita. Na so in bar masa ita. Amma ba don haka na baro Legas ba. Na ce masa duk inda ido ya kai babu wani jirgi ranar, kuma ba a hangen tudu. Mun yi ta zagaya wurin har rana ta faɗi, washegari muka sake. Takalminsa na roba guda ɗaya muka tsamo.

Ya ce in fita in turo ɗayan. Na zauna a dakalin ƙofar gida, amma zauren ba shi da ƙyaure, ina jin komai. Banufen ya faɗi abin da na faɗa, da Hausarsa mai karkacewa. Abin da bai faɗa ba shi ne nasa aikin, sai da tsohon ya tambaye shi inda yake tsaye a lokacin. Nan ya ce shi ba a tsaye yake ba. Yana ganin Lawal ya faɗa ya tuɓe takalmi, ya ɗaura igiya a ƙugu ya bi shi. Ya nutsa ya taso, ya nutsa ya taso, har sai da aka jawo shi da ƙarfi yana aman ruwa. Ya ce a ƙasa duhu ne, hannunsa bai taɓa komai ba.

“Kai mutumin ina ne?” in ji Malam Ɗahiru.

“Bida, Baba.”

“Banuhe?” Tsohon ya ɗan yi wani sauti a maƙogwaro. “Ashe har yanzu bawa shina bin ubangidanshi cikin ruwa.”

“Baba, dukiyata ce ta faɗa,” in ji abokina. “Dole in bi.”

Sai na ji tsohon ya yi dariya, gajeriya, irin wadda ke kuɓuce wa mutum. Dariyar ba ta ƙare ba ta juye ta zama wani abu dabam. Da na leƙa, ya jawo jakar ya rungume ta, Banufen ya kifa kai a gwiwa kafaɗunsa suna rawa. Na koma dakalin na zauna har aka kira magariba.

An sauke mu a shagon wani ƙanen Lawal. Da safe, bayan an kawo mana koko da ƙosai, Hajiya Binta ta aiko cewa mahaifiyarsu tana son ganina a cikin gida. Na shiga da sallama. Inna tana zaune a kan tabarma a gindin bishiyar darbejiya, ƙaramar mace, idanunta sun faɗa. Matar Lawal, Kulu, tana bakin ƙofar ɗakinta cikin hijabi, ta juya mana gefe. An buɗe jakar, an jera kayan a kan wani zane: riguna, abin sallah, waya a kashe, da wani gwangwanin madara mai murfi.

Hajiya Binta ta yi min bayani a hankali. Watannin baya Lawal ya turo musu bidiyo, ya riƙe mai tawada kusa da waya, hannuwanta suna nannaɗe masa yatsu, yana dariya. A waya ta fito ƙatuwa, ta cika fuskar gilashin. Tun da aka ce ya faɗa ruwa, kuma aka ce wannan abin ne sanadi, Inna ba ta runtsa ba. Da ta rufe ido sai ta ga abin ya nannaɗe shi yana ja ƙasa.

“Yaro,” in ji Inna, “kai ka san abin nan. Kar ka ɓoye mani. Shina cin mutum?”

A duk tambayoyin da na shirya wa amsa a hanya, babu wannan. Na gyara zama na ce mata zan faɗi abin da hannuna ya taɓa. Na nuna mata daga wuyan hannuna zuwa gwiwar hannu, na ce waɗanda muke kamawa yawancinsu ba su kai haka ba. Jikin mai tawada kamar hannun riga yake, tsoka ce zalla, babu ƙashi. Hannuwa goma gare ta a kewaye da baki, takwas gajeru, biyu dogaye waɗanda take harbawa ta cafko abinci. A jikin hannuwan akwai 'yan ƙananan kofuna masu kama fata kamar ƙahon wanzami, in ta kama ka sai ka ji ɗan kaushi, ka ɓamɓare ta da yatsa biyu. Abincinta jatan lande ne da ƙananan kifi da 'ya'yan ƙaguwa, masu rai take farauta. In yunwa ta matsa ko an matse su a taru, takan ci 'yar'uwarta, na sha gani. Na ce na ji ana cewa can ƙasan teku mai zurfi akwai manya, amma ni ban taɓa gani ba, kuma inda muke aiki ruwan bai kai wannan zurfin ba.

Ba ta gamsu ba, na gani a fuskarta. Sai Hajiya Binta ta miƙo gwangwanin ta ce sun buɗe ba su gane mene ne a ciki ba, ko magani ne. Na zazzage a tafin hannuna. Ban san Lawal yana tara su ba. Bakunan mai tawada ne, wankakku, baƙi-baƙi, da wasu dogayen abubuwa farare garau kamar gashin tsuntsu da aka yi da roba. Kulu ta yi magana karo na farko, ba tare da ta juyo ba. Ta ce ya yi wa yara alkawarin zai kawo musu, don sun ƙi yarda cewa akwai kifi mai bakin aku.

Na ɗauki baki ɗaya na sa wa Inna a hannu. Bai kai ƙwayar masara ba. Ta kai shi kusa da ido, ta juya shi, ta danna tsininsa a yatsanta.

“Wanga ne bakin?”

“Shi ne, Inna. Kuma ba ta iya haɗiyar abu babba. Maƙogwaronta ta tsakiyar ƙwaƙwalwarta ya ratsa, sai ta gutsura ƙanana-ƙanana.”

Na ɗaga farin abin na ce wannan shi ne kawai abin da ke riƙe mata jiki a ciki. Daga nan bakina ya buɗe, na yi ta faɗa mata, don na ga tana saurare. Na ce a duk abin da taru ke kawowa ban ga matsoraciya kamar mai tawada ba. Kusan komai na teku cin ta yake yi, manyan kifaye da tsuntsaye da mu mutane. Shi ya sa duk halittarta ta gudu ce. Tana zuƙar ruwa ta feso shi ta wani ɗan bututu a ƙarƙashin kai, sai ta harba da baya kamar an saki roba. Tana canza launi fiye da hawainiya, yanzu fara, yanzu ja, cikin ƙiftawar ido, don ta ɓace wa mai neman ta. Idanunta manya ne don ta hango abin da ke tahowa. Tawadar ma ba makami ba ce. Tana feso ta ne ta tsaya a ruwa kamar wani jiki, mai farauta ya kai wa baƙin cizo, ita kuwa ta riga ta yi nisa. Abin da ta zubar a jirginmu ranar nan tsoro ne kawai, tana mutuwa. Na ce an faɗa mana zuciya uku gare ta, jininta kuma ba ja ba ne, yana ɗaukar shuɗi-shuɗi, wannan na biyun na gani. Duk da haka ba ta daɗewa a duniya, kamar shekara guda, ta zuba ƙwai ta mutu.

“Zuciya uku,” in ji Inna. “Allah mai iko.” Ta rufe hannunta a kan bakin. Na ɗauka an gama. Sai ta ɗago ta ce, “To in ba ita ba, mi ya same shi a can ƙasa?”

 Na san akwai ƙaguwa a ƙasan teku, akwai kifaye, na san abin da ruwan gishiri ke yi wa duk abin da ya daɗe a ciki. Ba zan iya ce mata yana nan kwance yadda ta san shi ba. Na ce, “Inna, ban sani ba. Abin da na sani, kafin ya kai ƙasa ba ya jin komai. Wannan na gani.”

Ashe Malam Ɗahiru yana tsaye a bakin zaure, ban san tun yaushe ba. Ya ce, “Hajara, ƙasar da za a sa mu ciki ma ci take yi. Wanda ya san inda ya aje shi, Shi zai tashe shi.” Sannan ya juya ga Hajiya Binta ya ce a aika a kira liman, a kuma fito da tabarmi.

Kukan da aka riƙe tun ranar da aka buga waya, a lokacin ya fashe. Na tashi na fita da sauri, don ba wurin zamana ba ne kuma.

Liman ya zo ya sake jin bakinmu mu biyu a gaban dattawan unguwa. Ya ce malamai sun yi saɓani a kan sallar gawar da ba ta nan, amma tunda babu wanda ya sallaci Lawal a ko'ina, za a yi masa. Ya ce Kulu ta shiga takaba, lissafinta daga ranar da ya faɗa. Bayan azahar aka taru a filin ƙofar masallaci. Mutane sun zo fiye da yadda na zata, 'yan kasuwar hatsi, abokan makarantarsa, har wani maƙwabcinsu Kirista, mutumin kudancin Kaduna, wanda ya tsaya a gefe ya cire hula har aka idar. Na sha zuwa jana'iza, amma ban taɓa tsayawa a sahu na leƙa gaban liman na ga ƙasa kawai ba. Babu makara, babu likkafani, sai damshin ruwan jiya da sawun akuya. Aka yi kabbara huɗu aka sallame. Ba maƙabartar da za a je. Mutane suka tsaya cirko-cirko na ɗan lokaci, ba su san inda za su nufa ba, sannan aka koma ƙofar gida aka zauna.

Mun zauna gaisuwa tare da su har aka yi sadakar uku. Duk wanda ya zo sai an nuna mu, sai mun sake ba da labarin, har na ji kalmomin sun fara mutuwa a bakina. Ban ga komai na Katsina ba in ban da wannan layin, da masallacin, da hanyar tasha. Hajiya Binta ta ce Inna ta yi barci ranar da aka yi sallar, har sai da aka tashe ta. Da za mu tafi aka cika mana leda da dambun nama da ƙullin fura. Malam Ɗahiru ya rako mu har bakin titi, abin da aka ce bai saba yi wa kowa ba. Ya riƙe hannun Banufen ya daɗe yana yi masa addu'a. Ni kuma ya ce mini, “Ka hwaɗi gaskiya, ɗan Kano. Ba ta da daɗi, amma ka hwaɗe ta.”

A dawowa hanyar ba ta canza ba, ramukan suna nan, shingayen suna nan, sai dai cinyar abokina babu komai a kai, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Da muka iso Bida ya sauka, na ɗauka gaisawa zai yi da gida ya biyo ni daga baya. Ya zagayo ta tagar da nake ya ce shi ya gama da teku, zai koma noman shinkafa. Ya san ni zan koma, don ina da yara a makaranta kuma ban iya wata sana'a ba. Direba yana ta danna ham, shi kuwa ya dafa ƙofar ya ce, “Kwatanta min gidanku a Kano.”

Na ce me zai yi da shi.

Ya ce, “Kwatanta min dai.”

Na kwatanta masa: unguwar, masallacin da ke kan kwana, sunan da ake kiran mahaifiyata da shi. Ya maimaita sau biyu, ya gyaɗa kai, ya saki ƙofar.

Na iso Agege da yamma na tarar da yara suna wasa a ƙofar gida, suka rugo suna tambayar tsaraba. Na ba su dambun naman Katsina. Bayan sun ci na kira uwarsu na zaunar da ita, na faɗa mata abin da ban taɓa faɗa mata ba a duk shekarun nan: yadda aikin yake da gaske, da santsin daɓen, da nisan tudu, da wanda za ta nema in wata rana aka bugo mata waya.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Da na ɗauka in an sanar da mutuwa an gama. Ashe akwai labarin da waya ba ta iya kaiwa, sai mutum ya ɗauki ƙafarsa ya je ya zauna a tabarma, a dube shi a ido, a tambaye shi abin da bai shirya ba. Kuma na ga cewa wanda aka bari a gida ba rashin kaɗai ke hana shi barci ba, har da abin da yake ƙirƙira wa kansa a inda ba a faɗa masa ba. Mu da muke neman abinci a nesa muna turo hotuna muna dariya, ba ma tunanin yadda za a kalle su in ba ma nan.

Jirginmu zai fita mako mai zuwa, an riga an ɗauki wani a gurbin Lawal. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, shi da iyayensa da Kulu da yaransa. Allah Ya jiƙansa a inda yake kwance, Ya sa mu da muka rage a binne mu a inda namu za su iya zuwa su tsaya.